Wasiƙa kan tangaran ɗin Koriya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni wane fenti mutanen Koriya suke sa wa koren tangaran ɗinsu. To, babu fenti ko ɗigo, aikin wuta ne da iska.

A zamanin daular Goryeo, daga 918 zuwa 1392, manyan tanderun suna Gangjin da Buan, a kudu maso yamma. Ruwan ƙyallin da ake tsoma kaskon a ciki toka ce ta itace da niƙaƙƙen dutse, sai ɗan ƙarfe kaɗan, kamar kashi 1 zuwa 3 cikin 100. Idan wuta ta doshi digiri 1,200 sai a danna itace a toshe kafofi, tanderu ya rasa iska, ƙarfen nan ya koma kore mai ratsin shuɗi. Iska ta kutsa kuwa, kaya su fito ruwan ƙasa, an yi asarar itace. Kayan fadar sarki kuwa, akan rufe kowanne cikin tukunyar yumɓu, kada toka ta ɗiga masa. Jakadan Sin, Xu Jing, da ya zo a 1123, sai da ya yaba launin a rubuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanggam, wato cike zane da ƙasa mai wani launi. Tun yumɓu bai gama bushewa ba ake sassaƙa zanen, galibi gauraka da gajimare. A cike ramin da kunun farar ƙasa, a bari ya sha iska, a kankare saman. Inda ake son baƙi a sa jar ƙasa, wuta ce za ta baƙanta ta. A yi gashin farko wajen digiri 800, sannan a tsoma a ruwan ƙyalli. Inda ake samun matsala: in ƙasar cikon da ta jikin ba su tsuke daidai ba, zanen ya tsage ko ya ɓantare.

Da daular Joseon ta hau a 1392 sai aka koma buncheong, toka-tokan yumɓu da ake lulluɓewa da farar ƙasa. Nan kowane yanki da hannunsa. Gyeongsang sun fi buga hatimi, Jeolla su tsoma kwanon gaba ɗaya ko su karce zane, su kuwa na dutsen Gyeryong su zana kifi da ruwan ƙarfe, da sauri kamar ana korarsu. Ni dai na Gyeryong nake so.

Farin tangaran na sarki a Gwangju ta lardin Gyeonggi aka riƙa yin sa tun wajen 1467. Kusan duk shekara goma sai tanderu ya yi ƙaura saboda itace ya ƙare, har 1752 da aka zaunar da shi a bakin kogin Han. Tulun nan da ake kira tulun wata, tsayinsa kan kai santimita 40, rabi biyu ake ginawa a haɗa su a tsakiya. Duba da kyau za ka ga ɗinkin, da ɗan karkacewar da wuta ta yi masa.

Randarsu ta tsima kayan miya, onggi, a Jeolla da faffaɗan fallen yumɓu ake ɗaga bangonta, a tsibirin Jeju kuma ba a sa mata ruwan ƙyalli sam.

A gaida mutanen gida.

Naka amini.