Ana Taron Yanka-da-Liƙi a Ciki, Baduku Yana Bakin Ƙofa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu in ba masu karatu labarin wani taro da na halarta a Birnin Kebbi makon jiya, in kuma amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun da na dawo gida.

Ni malamin zane ne a wata ƙaramar sakandare a Argungu. Shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, kuma yawancinsu da allo da alli kawai muka ci su, don babu fenti babu burushi. Ana haka sai shugaban makarantarmu ya miƙo mini takardar gayyata zuwa taron ƙara wa juna sani na yini biyu a wata babbar makaranta, a kan tarihi da aikin wata fasaha da Faransawa ke kira kolaj. Sunan ya fito ne daga kalmarsu ta liƙawa. A taƙaice, ka samu takarda ko ƙyalle ko hoto ko wani tarkace, ka yanka ko ka yaga, ka liƙa su wuri guda har su ba da wata sura da ba su da ita tun farko. Ni dai yanka-da-liƙi na raɗa mata, kuma har aka tashi taron ban ji wanda ya kawo sunan da ya fi shi ba.

Ba zan ɓoye ba, ranar farko na ƙaru ƙwarai. Wani farfesa ya kai mu Faransa ta 1912, shekarar da Pablo Picasso ya ɗauki wani yanki na shimfiɗar tebur mai zanen saƙar kujera ya liƙa a jikin zanensa, sannan ya kewaye hoton da igiya. A watan Satumba na wannan shekara abokinsa Georges Braque ya ga takardar ƙawata bango mai kama da katako a wani kanti a garin Abinyon, ya saya, ya yayyanka, ya liƙa, ya yi zanen gawayi a kai. Abin da ya girgiza masana a lokacin shi ne, ɗaruruwan shekaru mai zane a Turai yana wahalar kwaikwayon katako da fenti, sai ga wasu samari sun ce me ya yi zafi, ga takardar kanti ta kwabo nawa.

Daga nan aka gangara Jamus bayan Yaƙin Duniya na Farko. Nan ne labarin ya fi kama ni. Kurt Schwitters na garin Hanoba yana bin titi yana tsintar tikitin mota da yagaggun takardu yana haɗa hoto da su, a ƙasar da yaƙi ya bari cikin talauci. Hannah Höch a Balin tana yayyanka hotunan manyan 'yan siyasa daga jaridu tana ɗora musu jikin da ba nasu ba. John Heartfield kuwa da almakashi ya yi ta yi wa Hitila tonon silili a bangon mujalla, har sai da ya gudu zuwa Firag a 1933 don tsira da ransa. Da aka nuna aikinsa a majigi, wani ɗalibi a bayana ya ce ashe haɗa hoton 'yan siyasa da ake yi a Facebook ya girmi kakansa. Aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa.

An kuma ambaci mutum biyu da suka ba ni kunya a kan raggancina. Wata Baturiyar Ingila, Mary Delany, ta haura shekara saba'in kafin ta fara yanka takarda tana yin furanni a wajajen 1772, kuma ta yi kusan dubu kafin idonta ya gaza. Henri Matisse kuma, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta hana shi tsayuwa gaban zane, sai ya sa masu taimaka masa suna shafa wa takardu launi, shi yana zaune yana yanka, har kusan rasuwarsa a 1954.

To, ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar. Da aka fita sallar azahar, a bakin ƙofar zauren akwai wani dattijo baduku da ya baza hajarsa a kan tabarma, jakunkuna da tumtum da kuben wuƙa, yana fatan baƙi za su saya. Ba zaman banza yake ba, aiki yake. Na durƙusa na gaishe shi, na tsaya ina kallo. Jar fatar akuya ce a cinyarsa, ya fitar da ƙananan tagogi a jikinta da wuƙa, ya shimfiɗa koriyar fata a ƙarƙashi yadda koren zai leƙo ta tagogin, ya shafa gam ya danne da babban yatsa, sannan ya bi gefen da basilla. Rarar fatar da ta zuba bai yar ba, ya tara ta a wani gwangwanin madara. Na tambaye shi, Baba, waɗannan guntayen fa? Ya ce da su zai yi taurarin tsakiya. Sai shi ma ya tambaye ni abin da ake tattaunawa a ciki tun safe. Da na yi masa bayani, ya dube ni ya ce, “Ɗana, wanga abu ai shi muka yi kullum, shi na iske ubana na yi.”

Na koma zaure maganar tana cina. Da aka ba da damar tambaya na miƙe, na ce ya aka yi muka yi awa huɗu a Faris da Balin, mai aikin yana zaune a rana a ƙofarmu? Farfesan bai raina tambayar ba, kuma amsarsa tana da nauyi. Ya ce aikin baduku ado ne, fata a kan fata, don jaka ta yi kyau a saye ta. Shi kuwa kolaj, abin da aka liƙa yana shigowa da tarihinsa ne, tikitin mota yana nan a tikitinsa, kanun jarida yana nan ana karanta shi, sai haɗuwarsu ta haifar da wata magana. Na yarda da rabin wannan. Amma na tuna ɗakin kakata a Gulma, da farantan tangaran da aka dasa a jikin bangon laka tun ginin yana ɗanye, kowanne ta san wanda ya kawo shi da bikin da aka kawo shi. Na tuna ɗakunan samari na zamaninmu da aka lulluɓe bangonsu da kalanda da hoton 'yan ƙwallo da shafukan jarida. Na tuna bargon da mata ke haɗawa da rarar yadin tela, wanda uwa za ta nuna maka ƙyalle ɗaya ta ce wannan ankon auren wance ne. In dai shigowa da tarihi ne sharaɗin, waɗannan sun cika shi.

Kuma ko a tarihin da aka karanta mana, ba Turai ce farau ba. Mai gabatar da muƙala ta biyu ta faɗa da bakinta cewa marubutan Japan suna yayyaga takardu masu launi suna liƙawa su rubuta waƙa a kai tun ƙarni na 12. Ta kuma kawo mu gida. El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya yi suna a duniya da murafen kwalba da ake fyaɗawa a ɗinke da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton zane. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta hukumar NAFDAC, tana cusa hotunan mujallun Nijeriya da na danginta a cikin zanenta, kuma a 2017 an sayar da aikinta guda a Landan a kan sama da dala miliyan uku. Tun 1958 ɗaliban zane na Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa a haɗa abin da aka koya daga Bature da abin da aka gada a gida. Yau sama da shekara sittin, mu a nan har yanzu abin gidan yana bakin ƙofa.

Wani abin kuma, duk muƙalun da Turanci aka gabatar, alhali kusan duk wanda ke zauren da Hausa ya yi cinikin ƙosai da safe. Na bar wannan a nan.

Rana ta biyu aka ba mu almakashi da kwali aka ce kowa ya gwada, kuma a nan na koyi abin da zan kai wa yarana. Kada ka shafa gam sai ka gama jera komai ka duba ka sake dubawa. Takardar da aka yaga da hannu bakinta yana da laushi, ya dace da gajimare ko ruwa, wadda aka yanka da almakashi kuwa tana da kaifi, ta dace da gini. In babu gam na kanti, ƙaro da aka jiƙa ya kwana yana yi, sitacin rogo da aka dama ma yana yi, sai dai kyankyasai da gara suna son sa, kuma ba ya kama leda ko kaɗan. Da hunturu aikin yakan kanannaɗe in ya bushe, don haka a danne shi da littattafai ya kwana. Takardar jarida kuma tana yin ja in ta daɗe, ko ta Picasso ba ta tsira ba.

Akwai abu biyu da wata malama daga Jega ta tayar, waɗanda duk mai koyar da yaranmu sai ya shirya musu. Na farko, takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba a yanka ta a yi wasa da ita, don haka malami ya tantace tarkacen kafin ya zube wa yara. Na biyu, wasu iyaye ba sa son surar mai rai, kuma wannan fasaha ba ta tilasta ta. Ana iya yin dagi, ko ƙofar gari, ko gonar shinkafa, ko launi zalla irin na zayyanar allo. Na so a ce an ba wannan magana awa guda, amma minti biyar ta samu don abinci ya iso.

Da na dawo, ranar Litinin na ce wa 'yan aji biyu kowa ya zo da abin da aka share a gidansu. Suka zo da kwalin shayi, da ƙyallen atamfa, da tsohon katin waya, da ƙaiƙayin shinkafa, wanda a Argungu ba a rasa shi. Wata yarinya da tun farkon zango ban ji muryarta ba ta yi hoton kogin Matan Fada ranar kamun kifi. Ruwan da yagaggen shuɗin ambulan, gaɓar da ƙaiƙayi, goran masunta da ɓawon gyaɗa, homa kuma da guntun tsohon gidan sauro. Ban kashe ko naira ɗari biyar ba a darasin, kuɗin ƙaro ne kawai. Shekara goma sha ɗaya ina cewa babu kayan aiki, na ji nauyin kaina.

Roƙona ga masu shirya irin wannan taro shi ne, in za a sake, a ajiye wa baduku da tela da mai jeren ɗaki kujeru a teburin manya, a bar su su yi bayani da Hausa, masana su yi musu tambaya a rubuta amsar. Yadda ake jima da bagaruwa, da yadda ake fitar da ja daga karan dafi, yana kan dattawan da ba su da yawa yanzu.

Kai kuma, ranka ya daɗe, ban ga wakilin kowace jarida a zauren ba, kodayake na san da gwamna ne zai buɗe taron da an rasa wurin tsayuwa. Ka turo mana wakili wata rana. Sannan in akwai tsofaffin kwafen jaridarku da suka yi kwantai a ofis, kafin masu tsire su kwashe, a taimaka mana da ɗauri biyu. Dattijon nan baduku ya yi mini alkawarin zuwa ajinmu ranar Alhamis ta sama in na biya masa kuɗin mota, kuma ya ce zai taho da gwangwaninsa.

Na gode da fili.

Naka,
Malamin zane,
Argungu, Jihar Kebbi.