Yadda Ostiraliya ke auna tsofaffin gine-gine

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu karatu kan yadda ƙasar Ostiraliya ke tantance tsofaffin gine-gine kafin ta ba su shaidar tsimin makamashi.

Tsarin nasu, mai suna NABERS, bai damu da kyawun zane ko daɗin bakin mai gini ba. Takardun kuɗin wuta da gas na wata 12 ake tattarawa, a duba girman ginin da yanayin garin da awannin da ake aiki a cikinsa, sannan a kwatanta shi da takwarorinsa, a ba shi taurari daga 1 zuwa 6. Shekara guda shaidar ke yi, sai a sake awo.

Abin da ya fi burge ni shi ne doka. Tun 2017, duk mai sayarwa ko ba da hayar ofishin da ya kai murabba'in mita 1,000 dole ya bayyana taurarinsa a cikin talla, don ɗan haya ya san abin da zai tarar tun kafin ya sa hannu.

A Ingila kuwa, takardar EPC, wato tasu shaidar tsimin makamashin gini, ƙiyasin kwamfuta ce kawai, ba ta duba wutar da aka ƙona a zahiri. A ganina wannan babban giɓi ne da ya kamata su toshe.

Naku,
Wani mai karatu