Wasiƙa ga Abba, da ya kama aikin injin sifirin

Kurna, Kano

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gajiyar sabon aiki? Mutanen gida duk lafiya lau. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana karyawa kafin ka fita, don ta san halinka.

Ranar Juma'ar da ka zo kana ba ƙannenka labarin injin naɗa sifirin katifa da aka ɗora ka a kai a Sharaɗa, ina zaure ina jin ka, ban tanka ba. Ka san sunan mahaifina gare ka, bakina yana yi mini nauyi a gabanka, shi ya sa na ga gara in rubuta. Na ji daɗin yadda kake maganar aikin da ɗoki. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, inda ka ce injin shi yake yin komai, kai naka tsayuwa ne kawai da kwashe abin da ya fito. Shekara 19 na yi ina fama da waya a Bompai, da farko a wajen ƙusa, shida na ƙarshe a sashen da muke naɗa sifirin na gadon ƙarfe da kujerun kushin. Ban taɓa ganin injin da yake yin komai ba. Abin da aka saita masa shi yake maimaitawa, in daidai daidai, in kuskure kuskure, kuma ba ya gajiya. Ka ce naku yana fitar da sifirin 60 a minti ɗaya. To ka lissafa. In saiti ya goce ka yi minti 10 kana hira, ka tara guda 600 marasa amfani, wanda ya fi abin da ke cikin katifa guda irin taku. Waya ta tafi, wuta ta tafi, kuma sifirin da aka riga aka naɗa ba ya komawa waya.

Saboda haka fara da sanin wayar. Ba irin ta ƙusa ko ta ɗaurin rodi ba ce da za ka lanƙwasa ta zauna inda ka ajiye ta. Wayar sifirin ƙarfe ne mai tauri, ko yaya ka naɗa ta sai ta ɗan warware tana neman komawa yadda take. Mai saiti yakan matse ta fiye da girman da yake so, don in ta saki ta tsaya daidai. Kuma kowane naɗin waya da halinsa. Ko daga wuri ɗaya aka sayo su, ko lambar da ke jikin takardarsu ɗaya ce, wani ya fi wani taurin kai. Duk sa'ad da aka ɗora sabon naɗi, ka ɗauka kamar yanzu ka zo aiki: ka karanta takardar da ke maƙale da shi, ka sa ma'auni ka auna kaurin wayar da hannunka a wuri biyu ko uku, ka duba ko akwai tsatsa ko ƙarzuwa. Da damina tsatsa takan shiga ta ƙarƙashin naɗin da aka ajiye a ƙasa, sama fes, ciki ya ci. Da hunturu kuma ƙura ce take haɗuwa da man jikin wayar ta zama kamar yashi, tana cin tayoyin ƙarfen da ke jan ta.

Bari in daɗe kaɗan a kan kauri, don a nan ne na ga mutane da yawa sun ruɗe. Wayar irin sifirin ɗinku, mai faɗin baki da siririn ƙugu kamar kalangu, yawanci tana tsakanin milimita 2 da 2.4. Ido ba ya raba 2.0 da 2.2, amma bayan mai kwanciya yana raba su. Wani injiniya da muka yi aiki tare ya taɓa zaunar da ni ya yi mini lissafin a bayan kwalin siminti. Ƙarfin sifirin ba ya bin kaurin waya taki-taki, lissafinsa kaurin ne ake jerawa sau huɗu a ninka su da juna. In ka sauka daga 2.2 zuwa 2.0, ƙarfen da ka rage wajen kashi ɗaya cikin shida ne kawai, amma ƙarfin da sifirin ya rasa ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Haka in zagayen ya yi faɗi fiye da ƙima ko aka ƙara masa naɗi ɗaya, sai ya yi laushi. Ka ga ke nan ɗan abin da ake rainawa a ma'auni shi ne yake sa katifa ta yi rami a tsakiya kafin shekara.

Kuma ka tuna wa yake sayen ta. Ka ga yadda na yi da kayan ɗakin yayarka, shekara biyu ina tari kafin gado da katifa su haɗu. Irina ne suke zuwa kanti su danna katifa da tafin hannu, su ga yadi mai kyau da soso mai taushi, su biya. Ba wanda zai farke ta ya ga abin da ka naɗa. Idan masu kamfani suka yanke shawarar yin mai araha da siririyar waya kuma suka sayar da ita a matsayin mai araha, wannan cinikinsu ne. Amma in wani ya ce ka rufe ido a zuba marasa kyau a tsakiya, masu kyau a gefe inda hannu yake taɓawa, wannan tauye mudu ne, ko da ba hatsi ake aunawa ba. Ka ce masa cikin ladabi ba za ka iya ba.

Injin kansa ka bi shi da ido tun daga inda waya take warwarowa har inda sifirin yake faɗowa, ka san aikin kowane wuri. Akwai masu miƙar da ita, akwai masu jan ta, akwai ƙarfen da take bugawa ta lanƙwashe, akwai wanda yake tura ta gefe ya ba da tazara tsakanin naɗi da naɗi, sai wuƙar da ke yankewa, sai inda ake ƙulle bakin sama da na ƙasa. In ka san wannan, sifirin da ya fito ba daidai ba shi da kansa zai gaya maka inda ciwon yake. Tsayi yana hawa yana sauka, duba masu jan waya, wataƙila suna sulɓewa. Ya karkace ba ya tsayuwa a kan teburi, duba masu miƙarwa ko ƙullin. Bakin yanka ya fito da ƙaya, wuƙa ta dakushe, kuma wannan ƙayar ce wata rana za ta huda yadi ta soki mutum yana barci.

Wurin da na fi so ka sa wa ido shi ne inda ake gasa sifirin. Bayan an naɗa, injin yana kama sifirin ya sakar masa wutar lantarki na ɗan lokaci ya yi zafi, wajen digiri 250 zuwa 300, don ƙarfen ya huce daga wahalar lanƙwasa ya riƙe siffarsa. Yara da yawa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, tunda gasasshe da ɗanye duk kamarsu ɗaya a tsaye. In wuta ta yi kaɗan, sifirin zai zauna da wuri. In ta yi yawa, ƙarfen ya mutu. Launi yana taimakawa, daga ruwan zuma zuwa shuɗi-shuɗi, ka tambayi foman wanne ne nasu ka riƙe shi a ido. Ka riƙa goge bakin ƙarafan da ke ba da wutar, don in suka yi datti sai su riƙa tartsatsi suna ƙona wayar a wuri ɗaya, kuma nan ne take karyewa daga baya. Mu dai a zamaninmu, kowane rabin awa sai na zari ɗaya, na bari ya huce, na auna tsayinsa, na danne shi har ƙasa sau da yawa, na sake aunawa. Ya ɗan sauka a dannawar farko, ba komai. Ya ci gaba da sauka, sai in tsai da inji.

Kada ka ji kunyar tsai da inji. Na san sabon yaro yana tsoron a ce ya cika tsayawa. Foman na ƙwarai ya fi son a kira shi a kan guda 20 da a kira shi a kan buhu. In kuma an fara barin ka ka taɓa saiti, abu ɗaya za ka juya a lokaci guda, ka yi wa inda yake alama da alli kafin ka motsa shi, ka fitar da uku ko huɗu a hankali ka auna. Wanda ya kwance noti uku tare, ko ya dace bai san wanne ne ya gyara ba.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Tun kana ƙarami kake ganin hannuna na hagu, ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa maka ba. Wata Talata ce da azumi, bayan azahar. Aka ɗauke wuta, inji ya tsaya da waya a harɗe a bakin masu ja. Na ce bari in yi amfani da wannan dama in warware ta kafin a tayar da janareta. Ban kashe babban makunni ba, tunda a ganina ai babu wuta. Mai janareta yana can bayan gini, bai san hannuna yana ciki ba, kuma ba laifinsa ba ne. Kan yatsu biyu suka tafi kafin in ce wayyo. Wata uku ina zirga-zirga Asibitin Ƙashi na Dala, innarka tana da cikinka. Abba, injin da ya yi shiru don an ɗauke wuta ba a kashe yake ba. Kafin hannunka ya shiga, ka sauke babban makunni, ka sa masa kwaɗo, makullin yana aljihunka, ba a hannun abokinka ba. In injin yana aiki da iska, ka saki iskar ma, don takan rage a cikin bututu ta motsa ƙarfe bayan an kashe komai. Kuma in an koma kan janareta ko an taɓa wayoyin wuta, ka duba motar da ke juya injin tana juyawa ta inda ta saba kafin ka saka waya, don irin waɗannan manyan motoci in aka sauya layi biyu baya suke yi.

Sauran ka san su, amma zan faɗa. Rigar aiki mai matsattsen hannu, ba kaftani ba. Zobe da agogo da carbi su zauna a aljihu. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar naɗin waya da kwasar sifirin mai zafi, amma kusa da abin da ke juyawa ita ce take jawo hannu ciki, cire ta. Gilashin ido kuwa kada ka raba shi da fuskarka, musamman lokacin yanke ɗaurin sabon naɗi. Ka riƙe bakin wayar gam, ka tsaya a gefe, don in ta kuɓuce bulala take yi, kuma daidai ido take nema. Ka toshe kunnenka da abin da aka ba ku, ba da abin jin waƙar waya ba. Kana ganin sai an ɗaga murya nake ji. Duk da haka ka koyi sautin injinka, ko da kunne a toshe ana jin sa'ad da bugunsa ya canza, sau da yawa kafin ido ya ga komai.

In aikin dare ya zo, za ka ga masu haɗiyar ƙwaya wai don ƙarfi. Kada ka karɓa ko da kyauta ce. Barci ya fi ƙarfinka, ka faɗa, ka wanke fuska, ka nemi a riƙe maka. Lokacin salla kuma kada ka bar inji yana gudu ba kowa a kansa.

Akwai dattijo a kowane kamfani wanda in inji ya gagara shi ake nema. Ka gano naku. Ka riga shi gaisuwa, ka riƙe masa sifana, ka share wurin in ya gama, ka yi tambaya bayan aiki ya lafa, ba lokacin da gumi yake zubo masa ba. Irin waɗannan mutane ba sa koyar da mai gaggawa, amma in suka ga yaro yana da kunne, har abin da ba a tambaye su ba suna faɗa. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta saitin kowane irin sifirin, da kaurin waya, da matsalar da aka samu da yadda aka warware ta. In za ka tashi, ka gaya wa mai karɓar ka gaskiyar halin da ka bar injin, ko da kai ne ka ɓata. Guntayen waya da sifirin da aka zubar kuma dukiyar masu wuri ce, kada ganin 'yan jari-bola a bakin ƙofa ya sa ka saka ko ɗaya a jaka ba da izini ba.

Na ga kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980, namu ma yana ciki. Masu tsayuwa da kwasa su suka fi shan wuya, don ba su fita da komai ba sai gajiya. Waɗanda suka iya saiti da gyara kuwa, ba a yi wata biyu ba aka zo har gida ana neman su. Shi ya sa nake so in ka shekara ka nemi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ka fara daga mataki na 3, takarda ta shaidi abin da hannunka ya iya. Ka kuma tambaya a ofis, ba da rigima ba, ko an yi muku rajistar diyyar rauni a wurin aiki, don tun 2010 akwai dokar da ta tanadi haka. Na'urorin yanzu ma na ji har da masu allon kwamfuta da masu ɗinke kowane sifirin a cikin aljihunsa na yadi. Waɗannan ban taɓa su ba, kai za ka koya ka zo ka ba ni labari.

In za ka zo Juma'a mai zuwa, ka roƙi foman ya ba ka sifirin uku daga cikin waɗanda aka ƙi, ka taho da su da littafinka. Ma'aunina yana nan a cikin akwati, na goge shi jiya. Mu zauna a zaure bayan la'asar mu duba su tare. Innarka ta ce ka taho da kwanon da ta zuba maka dambu.

Allah ya tsare hannunka da idonka, ya sa albarka a abin da kake samu.

Haza wassalam.

Mahaifinka