A daidaita kuloci kafin a taɓa injin babur ɗin ƙanƙara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin 'yan'uwanmu kanikawa da ke neman aiki a Kanada, ƙasar da kamfanin Bombardier ya fara sayar da babur ɗin ƙanƙara (abin hawa mai inji da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara) ƙirar Ski-Doo a 1959.

Masu wannan babur sukan ɗora wa inji laifi idan ya yi nauyin tashi, alhali sau da yawa matsalar tana cikin kuloci. Kulocin gaba yana da ƙarafan nauyi da sifirin, kuma su ne ke daidaita yadda ake matse bel gwargwadon juyin inji. Idan ƙarafan sun yi nauyi da yawa, inji ba zai kai juyin da yake ba da cikakken ƙarfinsa ba. A kan tsaunuka, inda iska ke da ƙaranci, inji yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau sama, saboda haka ake sa ƙarafa marasa nauyi.

Game da giya kuwa, rage haƙoran faifan sarƙa na sama yana ƙara ƙarfin ja cikin dusar ƙanƙara mai zurfi, amma yana rage gudu. Shawarata ita ce a canja abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na biyu.

Naku,
Wani makaranci daga Kanada