Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Filato: Kada Aikin Malam Ya Bi Shi Kabari

Mai Girma Gwamna, Barista Caleb Mutfwang,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda malaman firamare ne, wasu na bakin aiki wasu sun yi ritaya, tare da tsofaffin ɗalibai da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na unguwa a Jos ta Arewa. Kwanakin baya muka kai wani abokin aikinmu makwancinsa, bayan ya kwashe fiye da shekara talatin yana riƙe da alli. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Sun roƙe mu mu sakaya sunansa, don haka za mu kira shi yadda kowa ke kiransa: Malam.

Da safe malamin aji ne. Bayan an tashi yana koya wa yara wasan kwaikwayo, shi ma yana fitowa a ciki, galibi a matsayin tsoho mai gemun auduga da sanda, kuma ko kwabo ba a taɓa biyansa a kan haka ba. Bayan isha'i yana koyar da magidanta karatu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, ranka ya daɗe, shi ne duk wannan aiki a wuyan mutum ɗaya ya rataya, alhali aiki ne mai tsari, wanda za a iya rubutawa a koya wa wasu, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ga yadda yake yin sa.

Wasan Malam ba ya wuce minti ashirin da biyar zuwa talatin. Yaron aji biyar ba ya riƙe haddar da ta fi haka, iyayen da ke tsaye a rana kuwa daga nan suke fara zamewa. 'Yan wasa goma sha biyu ne zuwa goma sha biyar, kuma kowane babban matsayi yara biyu yake ba wa. Wanda bai san aikin ba zai ga kamar ɓata lokaci ne, sai ranar wasa ta zo a ce yarinyar da ke fitowa a uwa tana kwance da zazzaɓi, ko an aike ta talla. In babu ta ko-ta-kwana, shi ke nan wahalar mako shida ta tashi a banza.

Mako shidan nan kuwa a ƙididdige yake. Makon farko ana zaune a da'ira ana karanta rubutun da ƙarfi, a nan yake gane wanda karatunsa ke tangal-tangal, ya ware shi ya ƙara masa darasi a ɓoye. Mako na biyu da na uku hadda. Na huɗu tsayuwa da motsi, yana zana wa kowane yaro gurbinsa da alli a ƙasa, domin yara in an bar su sai su dunƙule wuri guda su juya wa jama'a baya. Na biyar a sa tufafi a riƙe kayan wasa. Na shida a yi wasan daga farko zuwa ƙarshe sau biyu ba tsayawa, ko da wani ya manta magana. Gwajin sau biyu ne a mako, minti arba'in, kuma dole a sallami yara da wuri su ci abinci su kama Islamiyya ko aikin gida. Duk ƙungiyar wasan da ta fara cin lokacin Islamiyya ba ta kai ƙarshen zango. Iyaye ne za su janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, kuma da gaskiyarsu. Shi ya sa kafin a fara komai Malam kan taka gida-gida, musamman gidajen 'yan mata, ya karanta wa uba abin da 'yarsa za ta faɗa a bainar jama'a.

Dandamalinsa benci takwas ne a jere biyu, a ɗaure ƙafafunsu da igiya, a shimfiɗa katako a kai. Kafin yaro ya hau sai Malam ya bi kowane benci da hannu yana neman ƙusar da ta leƙo, bencin da ƙafarsa ke rawa kuwa a fitar da shi. Idan bencin kirki bai kai takwas ba, a ƙasa ake yi, jama'a su zauna rabin da'ira. Kullum bangon aji ne a bayan 'yan wasa, saboda bango na maido da murya wajen masu kallo; a tsakiyar fili iska ke kwashe ta. Labulen tsofaffin zannuwa ne a kan waya, kuma duk wanda ya san iskar hunturun Jos ya san abin da take yi wa labule. Maganinsa yashi ne a ɗinke cikin gefen ƙasa. Lokacin damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, da hantsi ake wasa, tun da ruwan garin nan ya fi saukowa bayan azahar, wani lokacin har da ƙanƙara.

Bai yarda yaro ya dogara da lasifika ba. Yakan tsayar da shi, ya ja da baya taku ashirin, ya ce a faɗi maganar har sai ya ji kowace kalma ba tare da ihu ba, numfashi daga ciki yake fitowa. In an sami lasifika mai batir, madalla. In janareto ne, a kai shi bayan ajujuwa da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa ce kawai za a ji. Furfura da garin alli ake yi, gashin baki da gawayi, gemu da auduga da ɗan ƙaro da aka jiƙa tun dare. Wuƙa ko adda ta kwali ce, ko da labarin na mahauci ne.

Akwai wata ƙa'idarsa da muke so Mai Girma ya duba da kyau. Tun bayan rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008 da Janairun 2010, unguwannin Jos suka rabu, har aka sami yaran da suka girma ba su taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba. Malam ya san abin da wasa ke iya ɓatawa a irin wannan gari. A rubutunsa mugu ba ya ɗaukar sunan da za a gane addininsa ko ƙabilarsa. Da halinsa ake kiransa, Uwar Gulma, Sarkin Rowa, Ɓarnau. Ba a kwaikwayon Hausar wani don a yi dariya, ba a sa wa ɓarawo shigar da za a ce ta su wane ce. Idan zai haɗa makarantu biyu daga ɓangarori biyu na gari, da rana tsaka ake gwaji, malamai biyu daga kowace makaranta, da takardar yardar iyaye, kuma kowa ya isa gida kafin la'asar. Yakan raba matsayi ta yadda wa da ƙane a cikin wasa daga makarantu dabam suke. A ganinmu wannan aiki ne da Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Jihar Filato, wadda aka kafa a 2016, za ta iya rungumarsa da hannu biyu.

Ajin dare shi ma da nasa sirrin. 'Yan tireda ne da masu faci da 'yan dako, mutum ashirin, in ya yi yawa ashirin da biyar. Ba ya fara musu da littafin 'yan aji ɗaya mai hoton mage da ƙwallo, domin magidanci mai 'ya'ya bakwai in ka miƙa masa shi ba za ka sake ganinsa ba. Da sunan mutum ake farawa, sai lambar wayarsa, sai karanta rasit da adadin maganin da aka rubuta a jikin kwalba. Da Hausa ake fara karatun, baƙi da wasali, wanda kuma ya iya ajami sai a yi masa gada da shi, ya ga cewa rabin aikin ya riga ya iya. Fitila mai caji huɗu ta ishi aji, biyu a allo biyu a tsakiya. Tagogi a rufe, don yaran unguwa in suka fara leƙe suna ƙyalƙyala dariya, kunya ce ke korar dattijo tun kafin wahalar karatu ta kore shi. Wajen wata na uku ne mutane ke fara raguwa, lokacin da ɗokin farko ya wuce, sai kuma faɗuwar damina da masu gona ke komawa ƙauye. Malam yana da rajista. Wanda ya yi fashi sau uku a jere, washegari zai gan shi a bakin rumfarsa.

Haka yake da aikin gayya. Tun ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, kowace shekara kafin ruwan fari yakan tara matasa da shebur da manjagara da baro a yashe magudanai da kwalbati. Matsalar guda ce kullum: in motar shara ba ta zo cikin kwana biyu ba, tarin da aka fitar ruwan farko ke maida shi inda ya fito.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, kuma wasan kwaikwayo na cikinsa. Sai dai a makarantu da dama rubutu ne a allo, yara su kwafi ma'anar wasan kwaikwayo su haddace ba tare da sun taɓa yin ko ɗaya ba. A ba da umarni a ware darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, a rubuta shi cikin jadawali, a ɗora wa malamai biyu a kowace makaranta, kuma jami'an duba makarantu su riƙa tambayar wasan da aka yi a zangon. Mun ce malamai biyu da gangan. Ƙungiyoyin wasa da yawa taransifa ce ta kashe su: a ɗauke malami a tsakiyar zango, kayan su watse, yaran su koma yadda suke. Kuma a sa wannan aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, don malamin da ya tsaya bayan an tashi ya san an gan shi.

Kowace makaranta akwati ɗaya na ƙarfe mai kwado ya ishe ta: yadi ashirin na labule, waya da igiya, lasifika mai batir, fitila huɗu, da littattafan rubutu. A damƙa shi hannun kwamitin kula da makaranta na al'umma, a rubuta abin da ke ciki, a ƙirga shi farkon zango da ƙarshensa, hedimasta da shugaban kwamiti su sa hannu. In ba a yi haka ba, lasifikar a gidan biki za ta ƙare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko, jiha ta zuba nata kason ta karɓa. Kusa da kuɗin gina ajujuwa, wannan akwati ɗigo ne a cikin randa.

Masu horar da malaman ma ba sai an je nesa ba. A garin nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, da cibiyarta ta koyar da aikin fim, ga kwalejin talabijin ta NTA, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos. Bita ta kwana biyar a dogon hutu, malamai talatin a kowane rukuni, kowa ya fita da gajeren wasa guda da ya rubuta da hannunsa, ta isa a fara. Ajin dare kuwa takardar izini yake buƙata, wadda za ta ba mai koyarwa makullin aji ɗaya da dare ba tare da hedimasta ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba, sai ɗan alawus da zai riƙa zuwa a kan kari, da kujerun da babba zai iya zama a kai.

Muna kuma roƙon ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, a riƙa ba makarantu uku ko huɗu fili su yi wasansu a gaban jama'a, gidan rediyo da talabijin na jiha ya ɗauka.

Malam ya bar littattafan rubutu cike da wasannin da ya tsara, da zanen inda kowane yaro zai tsaya, da jerin darussan ajin dare daga ranar farko. Iyalinsa sun amince a kwafe su. Muna da malaman da suka yi aiki tare da shi, waɗanda za su zauna da duk jami'in da Mai Girma ya turo su fassara masa rubutun shafi-shafi, kuma mun ware makarantu biyar da a shirye suke a fara gwaji da su a zango mai zuwa.

Allah ya yi riƙo da hannunka, ya zaunar da Filato lafiya.

Naka,
Abokan aikin Malam, ɗalibansa da 'yan ƙungiyar wasansa,
Jos ta Arewa.