Zaman tabarma na cutar da jijiyoyin dattawanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana kan wata al'ada da ake yi da kyakkyawar niyya. Da zarar mutum ya manyanta sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a ce "Baba, zauna ka huta", ko masallacin unguwa a kan babur za a kai shi. Jijiyoyin jininsa ne ke biyan kuɗin wannan gata.

Cikin kowace jijiya akwai wata 'yar fata siririya, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Idan jini yana gudu yana gogar ta, sai ta fitar da sinadarin naitirik oksaid, wanda ke sa naman bangon jijiya ya saki, hanya ta buɗe, jini kuma bai cika daskarewa ba. Gano aikin wannan sinadari ne ya ba masana kimiyya uku, Furchgott da Ignarro da Murad, kyautar Nobel a 1998. Amma kafin fatar ta fitar da sinadarin sosai, sai fa gudun jinin ya kasance miƙaƙƙe. A mararraba, kamar inda jijiyar wuya ta rabu biyu, jini na yin juyi kamar ruwa a kwanar kwata, kuma nan ne kitse ke fara taruwa.

Tsufa na kawo matsala biyu. Fatar nan na rage fitar da sinadarin, sannan zaren da ke ba manyan jijiyoyi talalar roba ya tsinke a hankali, zare mai tauri da alli su maye gurbinsa. Girgizar bugun zuciya da ke bin jijiyoyi tana tafiyar kusan mita 5 a daƙiƙa a jikin saurayi kan wuce mita 10 a jikin tsoho, ta dawo da wuri ta ƙara wa zuciya nauyi. Shi ya sa ake ganin awon jini irin 165 bisa 70, lambar sama ta hau, ta ƙasa ta sauka. Kada lambar ƙasan ta ruɗi kowa, hawan jini ne, kuma yana kai wa ga shanyewar ɓarin jiki.

Tafiyar ƙafa ita ce ke ƙara gudun jinin da fatar ke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da numfashi zai ɗan hau amma ana iya hira. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10 bayan asuba, kafin rana ta yi zafi. Mai dogon zama a shago ko majalisa ya riƙa miƙewa duk rabin sa'a, ko ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa sau 20. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, a lissafa har da dunƙulen miya da kanwa. Taba kam, a bar ta.

Idan sha-raɓa na ciwo yayin tafiya, ya lafa da an tsaya, alamar ƙuntatar jijiyar ƙafa ce, a je asibiti a duba. Ciwon ƙirji ko jiri ko shaƙewar numfashi kuwa, a tsaya nan take a nemi likita. Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara tafiya.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Zariya.