Wasiƙa zuwa ga Abba a Japan

Assalamu alaikum Abba,

Ya sanyi, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau alhamdulillahi. Hajiyarku ta saurari saƙon muryar da ka turo ran Asabar har sau uku sai da na karɓe wayar. Na so in kira ka amma bambancin awa 8 ɗin nan ya hana, in na dawo daga isha'i kai asuba ce ta kusa a wajenku, shi ya sa na ce bari in rubuta ka karanta a nutse.

Ka ce wai sun mai da kai rediyo, malamar aji ta ce karanta ka karanta, yara su maimaita, shikenan ka koma ofis ka zauna, duk digirinka na Turanci. Na ji zafin maganar don ni ma shekara 35 na yi riƙe da alli. Amma ka sake duba takardar aikinka, mataimakin malami aka rubuta, ajin nata ne. Tun 1987 Japan ke ɗauko baƙi a shirin JET su taya malamansu koyar da Turanci a makarantun gwamnati, kai ta kamfani ka je amma aikin ɗaya ne. Kuma sai a 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji 5 da 6 na firamare, kenan da yawan malaman nan ba shi suka karanta ba, ɗora musu aka yi. Ina kyautata zaton matar nan tsoron ta yi kuskure a gabanka take ji, ba raini ba ne. Kada ka kuskura ka gyara mata magana a gaban yara ko da ta kwafsa, ka bari sai an fito, ka kai mata ɗan wasan da ka shirya ka ce ko za a gwada na minti biyar. In ya yi kyau ka bar mata yabon.

Lokacin muna sakandare a shekarun 1970 makarantun Arewa cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin. Biyu nake tunawa. Ɗaya kullum cikin mita yake, zafi, ƙura, wuta, ruwa, daga aji sai gida ya rufe ƙofa, ko sunansa na manta. Ɗayan mai koya mana lissafi da safe sai ya tsaya ya ce wa masinja "sannu da aiki baba" da wata irin Hausa da ke sa mu dariya har da riƙe ciki, ran kasuwa ka gan shi yana cinikin tumatir yana cewa albarka, kuma wallahi ranar da zai tafi har masu dafa abinci sai da suka raka shi tasha. Yanzu kai ne wannan baƙon, ka koyi gaisuwarsu ko za su yi maka dariya.

Maganar abincin rana, ka yi daidai da ba ka ci ba tunda akwai alade, kuma ka ce har wata giyar shinkafa mai suna mirin suke zubawa a miya. Inda ka yi kuskure shi ne ɓuya a ofis kana cin naka kai kaɗai. A bidiyon da ka turo na ga yaran da fararen huluna da riguna su ke raba abincin da kansu, malama na zaune a tsakiyarsu tana ci. Ka samu shugaban makaranta ka yi masa bayani cikin ladabi cewa addini ne, ka roƙa a bar ka ka zo da kwanonka ka zauna da su. Yaron da ya ƙi buɗe baki a darasi shi zai fara tambayarka me kake ci. Haka in lokacin shara ya yi suka ɗauki tsintsiya da tsumma kai ma ka ɗauka. Masu taɓa maka gashi da fata kuma yara ne, wasu ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba, ka nuna musu Najeriya a taswira.

Tsohuwar da ta dawo maka da ledar shara har ƙofa ita ke da gaskiya, sun ce kowace shara da ranarta, mai ƙonewa daban, kwalba da gwangwani daban, to ka manna jadawalin a jikin firij, ka sayi ɗan biskit ka kai mata ka ba ta haƙuri.

Sallah dai kar ka yi wasa da ita. Ka nemi ɗan lungu a makaranta don azahar, in an yi hutu ka hau jirgin ƙasa ka je masallacin Kobe tunda a jiharku ta Hyogo yake. Tun 1935 aka gina shi, yaƙin duniya na biyu bai rushe shi ba, girgizar ƙasar 1995 ma haka, za ka samu 'yan uwa da shagon naman halal a kusa.

Batun barin aiki kar ka yanke shawara cikin wannan dusar ƙanƙarar, shekarar karatunsu a Maris take ƙarewa sabuwa ta fara a Afrilu, ka jira zuwa lokacin mu yi magana. Hajiya ta dage sai ta aika maka kilishi, na ce mata Japan ba sa barin nama ya shiga, ta ce to a gwada yaji da kuka. Ka turo mata hotonka sanye da rigar sanyin da ka ce ka saya don har yanzu ba ta yarda ba.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka